Tsibin Bakin Hanya

Masu sara sun tafi da gungume,
suka bar mana abin da mota ta raina:
kawunan itace, rassa, ɓawo,
da ganye sirara kamar allura, kore shar, mai ƙamshin ƙaro.

Babana Veikko ya ce kada a taɓa tukuna.
Ɗanyen reshe rabinsa ruwa ne,
wanda ya kai shi wuta ya sayi tururi da kuɗinsa.
A bar shi nan ya zubar da allurarsa,
ƙasar da ta ciyar da shi ta karɓi nata.

A watan Yuni, a Ilomantsi, rana ba ta san hanyar gida ba.
Sha ɗayan dare tana tsaye kan tafki,
mu muna korar sauro, ita tana mana aiki.

Da allurai suka yi ja suka kakkaɓe,
sai aka kwaso rassan bakin hanya.
Manyan sanduna a ƙasa, don iska ta sami ƙofa,
gindi ya dubi kudu,
tsibi ya yi tsawo har ya fi rufin ɗakin wankanmu,
aka yafa masa takarda mai kauri, aka danne da itace.

Shi bai taɓa yarda da na'urar gwada damshi ba.
Yakan zaro ƙirare daga ciki can,
ya karya kusa da kunne.
In ya lanƙwashe shiru, a ƙara haƙuri.
In ya ce ƙas, to, a kira mai inji.

Bana ni kaɗai na je.
Iskar Oktoba ta yage gefe guda,
na hau da guiwa na gyara, ruwa na shiga mini wuya.
Na karya ƙirare uku. Biyu sun amsa.

Cikin Janairu Sirkka ta zo da injinta,
ta niƙe shekara guda kafin kofina ya huce.
Motoci biyar suka nufi tukunyar gari,
wadda ke tura ruwan zafi ta ƙarƙashin ƙanƙara
zuwa makaranta, zuwa kanti,
zuwa ɗaki na tara a gidan tsofaffi.

Ranar bai tuna sunana ba.
Na ɗora tafinsa kan bututun ɗumi a ƙasan taga.
Ya daɗe.
Sannan ya ce, ba ni yake kallo ba:
wannan ya bushe.