Kwalbar Cesaria

Asabar ce a Ostuni.
Kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai
na ɗora ruwa a wuta,
na wasa aska a jikin fata sau ashirin,
sannan na ɗauko kwalbar.

Ba rubutu a jikinta. Da can ta maganin tari ce,
murfin ma ya tsage.
Cesaria ce ke cika ta, a tsaye a kicin,
ta ba ni baya kamar mai ƙirga kuɗi.
Man zaitun na gonarmu, wannan na sani,
tatsar farko, mai yaƙushin maƙogwaro.
Man zurma kaɗan daga kantin Pantaleo.
Ɓawon lemun tsami da ta shanya a taga.
Sai wani abu guda.
"Oronzo, kai dai shafa," in ji ta,
"ina ruwan gemu da sirrin tukunya?"

Shekara arba'in da ɗaya ina shafawa.
Ɗigo biyar a tafin hannu, ban da shida,
shida kan toshe bakin aska, kumfa ta mutu.
Tawul mai zafi tukuna.
A murza daga saje zuwa haɓa,
a bi ƙarƙashin muƙamuƙi,
inda gashi ke fitowa a karkace don neman rigima.
Sai a jira.
Jiran nan shi ne rabin aski.
In gemu ya sha ya yi laushi
aska ba ta yanka, wucewa take
kamar kwalekwale a teku ranar da iska ta makara.

A watan biyu muka kai ta makwanci.
Ta bar mini mai kamu yatsa uku a kwalba.

Fulvio ya aiko daga Torino,
gwangwani mai fesa kumfa, da reza mai baki biyar.
Yaron kirki.
Kwana uku wuyana kamar na kwana a gidan cinnaka.
Na ce masa ta waya ya yi kyau.

Na shiga kicin da cokali, ni da ban san wurin gishiri ba.
Na gwada na'ana'a, idona ya yi ruwa.
Na gwada kanumfari, na yi warin ɗakin likitan haƙori.
Man riɗi ya yi nauyi.
Na tambayi ƙanwarta Annarita a bakin kasuwar kifi,
ta yi dariya har ta dafa bango,
ta ce ita ma ba a faɗa mata ba.

Yatsa uku ya koma biyu. Biyu ya koma ɗaya.
Aski ya zo gaban goshi.

Yau da safe, hannuna cike,
na rasa inda zan ajiye haɗina,
na dangwarar da shi kan katakon gefen murhu.
A nan na ga tabon:
zobe baƙi, na mai, ya ci cikin itace,
daidai gindin kwalbar, ba ragi.
Nan take tsayawa kowace Asabar,
kusa da butar kofi,
ni kuwa ina banɗaki ina kiran a kawo mini.

Na bar shi ya ɗumama.
Ƙamshin ya taso a hankali, lemun ya farka,
zaitun ya saki jiki,
har na waiwaya ƙofa.

Ashe ba a zuba shi da cokali.

Na yi aski. Sau biyu, bi da gashi sannan a gicciye.
Na ɗan yanki gefen kunne, laifin hannu ne ba na mai ba.
Ba wanda ya ce, "Tsoho, rage sauri."
Na manna 'yar takarda a wurin,
na mayar da kwalba cikin zobenta,
na kashe wuta.