Juyi Biyu

A Dubna, shekarar da kogin Volga ya daskare da wuri,
Zoya Platonovna ta ɗora kofin shayi a tafin hannu,
ta ce, "Rinat, ajiye allin nan, kalli."

Ta zagaya da kofin ta ƙarƙashin hammata, sau ɗaya.
Shayi bai zube ba, kofi ya dawo inda yake,
amma hannun ya murɗe kamar wankin da ake matsewa.
Ta sake zagayawa, ta saman kai wannan karon,
sai hannun ya warware.

"Halin sifino ke nan," in ji ta.
"Juya shi sau ɗaya, ya dawo da fuskarsa,
amma da alamar ɗebewa a goshi.
Sai a juyi na biyu yake yarda shi ne."

Shekara goma sha ɗaya muna zuba shi a lissafi,
cikin sararin samaniya tun bai kai ƙwayar gishiri ba,
tun babu tauraro, babu ƙarfe, babu ranar Talata.
A takardarmu sararin karkatacce ne,
gefe na gudu, gefe na rarrafe,
kamar kwaɓin fulawa a hannun ɗan koyo.
Ko filin sifino ne ya daidaita shi?
Ko shi ne ya ƙi matsuwa,
ya ce ba a cusa mu duka a ɗigo ɗaya,
har abin da muke kira farko
ya zama tsalle ne daga wani ƙarshe?

Ba mu sani ba.
Alama ɗaya ta ɓace mana a shafi na arba'in,
ta cinye mana sanyin shekara biyu.

Na tafi Kazan, na yi aure, na koya wa yara ninkawa.
Da na dawo jana'izarta
titi na nan, allonta ma ba a goge ba,
ni ma da fuskata na zo,
amma komai da ɗebewa a goshi.

Jiya na sake hawa jirgin ƙasa, ba wanda ya kira ni.
'Yarta Lada ta zuba min shayi a kofin nan mai tsagaggen baki.
Na ɗora shi a tafi, na zagaya.
Kafaɗa ta tsufa, ta yi ƙara,
shayi kaɗan ya ɗiga a takalmina.

Lada ta ce, "Ƙarasa mana. Saura ɗaya."