Tsamiyar Aji Huɗu

Iskar farkon damina ta zo Daura da tsakar dare,
ta yaye rufin aji huɗu kamar mayafi,
ta kai kwanon har gonar Alhaji Sada.
Da safe na tarar da allo yana kallon sama,
alli ya jiƙe ya zama kunu.

Na buɗe littafin kuɗi.
Dubu tamanin, ita ke nan.
Famfo ya ƙafe tun kafin azumi,
rijiya kullum sai an ƙara mata igiya,
benci uku kaɗai ke da ƙafa huɗu.

Malam Rabe ya shigo da takardarsa:
dashe ɗari, darbejiya da zogale,
da waya saboda awaki.
Ya ce iskar nan ba baƙuwa ba ce,
mu muka share mata hanya da gatari.
Na ce gaskiyarka, Rabe,
to amma inuwar shekara goma,
wa za ta rufe ranar Litinin?

Bai kai ƙofa ba sai ga mai gidan burodi.
Ya zagaya tsamiyar bakin fili sau biyu,
yana auna ta da ido
kamar sa a kasuwar Mai'aduwa.
Ya ce bandir biyu na kwano,
ƙusa da kafinta duk a kansa.

A gindinta aji huɗu ke zaune,
Malama Hansatu na jan su bakwai sau takwas,
ganye na zuba cikin littattafai.
In sayar da rufin da Allah ya kafa
in sayo wanda iska ta riga ta san hanyarsa?

Daren nan ban runtsa ba.
Na raba kuɗin kamar naman Sallah a gidan yawa:
rabin aji ya samu kwano,
famfo ya samu sabuwar roba,
Rabe ya samu goma sha biyu cikin ɗarinsa,
ƙaya a madadin waya.
Ba wanda ya gode mini.
Shugaban iyaye har yau gaisuwar nesa muke.

Yanzu kowane yaro da gorar ruwansa,
rabi ya sha, rabi ya ba dashensa.
Akuyar maigadi ta ci huɗu.
Saura takwas.
In hadari ya haɗo daga gabas
nakan fito in tsaya tsakanin tsamiya da rabin rufi,
ina lissafin da ba ya cikin littafi.