Kofi Ɗaya a Fadar Bagalam

Ni tela ne, ban karanci shari'a ba,
allurata ta fi bakina iya haɗa abu biyu.
Amma daren da Lawali ya kifar da butar shayi
kan gardamar wa ya ci kuɗin kwalbatin unguwa,
garwashi ya lashi bakin tabarma,
Ma'azu ya tafi gida da takalmi ɗaya,
sai aka ce: Illiya, kai da ba ka da ɓangare,
riƙe mana fadar nan kafin ta watse.

Ba ni da ɓangare? Na haɗiye dariya.
Wanda bai kwana ɗakinka ba
bai san kana tari ba.

Na ɗauki allin da nake zana wuyan riga,
na rubuta a ƙyauren shago:
mai kofi a hannu shi ke da baki;
in kumfa ta kwanta, zance ya kwanta;
uwar kowa tana gida, a bar ta can;
muryar da waya ta kawo ba fuska ba suna
ba ta zama a tabarmarmu sai an san ɗiyar wace ce.
Wanda ya taka, sukarin dala arba'in.

Kofin ya fara yawo kamar kabu-kabu,
daga hannun mai faci zuwa hannun mushen lakkwal.
Na ga Na-Allah, wanda iko ke burge shi,
yana cizon leɓe yana jiran Tsahiru ya gama,
jiran da ya fi masa azumin bazara tsawo.
Shayin farko ɗaci, a nan ake zargi.
Na biyu, an fara cewa "ban ƙi taka ba, amma".
Kafin na uku wani ya tuna
cewa bashin taki bai tambayi katin kowa ba.

Sau ɗaya na kori mutum, kwana uku,
kuma ƙanena ne, cikinmu ɗaya.
Ya ce wa Ma'azu ɗan amshin shata,
ya ƙi tara, ya ƙi ban haƙuri.
Gurbinsa a benci ya yi ta kallona.
Inna ta aiko a tambaye ni
ko sarautar bakin titi ta fi nono.
Ban ba da amsa ba. Na ɗinke wando huɗu a karkace.

Sai ga daren Laraba, an ɗauke wuta,
sauro na ta kiɗa daga wajen gulbi,
Na-Allah ya yabi wanda na daɗe ina ƙi a ɓoye.
Ban san sa'ad da na miƙe ba.
Na ji muryata tana tsallake katanga,
har karen gidan Hajiya Tabawa ya amsa,
na kira shi abin da ni na hana a kira kowa.

Shiru.
Sai yaron da ke hura mana gawayi,
Ɗan Jimma, da bai kai ƙuri'a ba,
ya haska hannuna da fitilar waya:
"Baba Illiya, ba ka da kofi."

Na duba. Hannu wayam.

Da safe na je wurin mai tebur,
na sayo sukarin dala arba'in,
na ƙara na arba'in don tarin da aka ji.
Ƙanena ya dawo, ya zauna kusa da Ma'azu,
ba su gaisa ba, amma ya miƙa masa kofi.

Har yau ba mu yarda da juna ba.
Kwalbati na nan a toshe,
Lawali na nan da zarginsa.
Rubutun ƙyaure ruwa ya wanke rabi,
kullum ina cewa gobe zan sabunta.
Buta dai ba ta sake kifewa ba,
kuma kowa na komawa gida da takalmi biyu.