Layuka Uku a Bangonmu

A bangon ɗakinmu na Penjaringan akwai layuka uku.
Na farko daidai gwiwata.
Na biyu ya kai ƙugun mijina, Allah ya jiƙansa.
Na uku jikata Wulandari ce ta bi shi da alli,
tana tsaye a kan teburin cin abinci
tana dariya, don a ganinta teku ne ya kawo mana ziyara.
Baƙon da ba ya sallama.

Shi ya sa duk Asabar, tun gari bai gama wayewa ba,
nake saɓa kujerar roba, in ɗauki taswira mai ninki huɗu,
in tafi bakin tashar bas.
Mu shida ne, rigunanmu kore.
Babu albashi, sai shayi mai ƙanƙara
da Ratmini ke ƙullo mana a leda.

Aikin nawa bai taka kara ya karya ba.
In nuna wa tsoho inda zai ɗora kati har ƙofa ta buɗe.
In faɗa wa mai tallan kifi lambar da za ta kai ta Kota
ba tare da ta sauka sau biyu ba.
In kankare cingam daga benci.
In rubuta sunan fitilar da ta mutu
in aika wa hukuma, karo na tara.

Titi kuwa yana tari tun asuba.
Mota, mutum ɗaya. Mota, mutum ɗaya.
Kujeru huɗu suna yawo da iska,
hayaƙi yana hawa sama kamar bashin da ba a rubuta ba,
kuma ni na san gidan da ake zuwa karɓarsa.

Wani mai babur ya taka burki a gabana,
ya ɗaga gilashin hularsa:
Inna, bas ɗin naki ne zai hana teku tashi?
Na ce, ɗana, da yayyafi kogi kan cika.
Ruwan da ya ci katifata ma ba rana ɗaya ya taru ba.
Ya yi tsaki, ya karɓi takardar,
ya goge madubinsa da ita.
To, ta yi amfani.

Abin da ban faɗa wa sauran biyar ɗin ba:
ɗana Gunadi ya sayi mota bara, biya sannu-sannu,
fara, yana wanke ta fiye da yadda yake wanke fuskarsa.
Ya taɓa wucewa ta gaban kujerata,
ya kawar da kai, ni ma na duƙa ina gyara taswira.
Da dare mun ci shinkafa a kwano ɗaya,
ba wanda ya ɗaga maganar.

Makon jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Asabar na ɗago kai, sai ga shi a layi,
takalmi a hannu, wando a naɗe,
Wulandari tana jan yatsansa.
Ba don zancenki na ɗumamar duniya ba ne, in ji shi,
mai ne ya yi tsada, kuma injin ya sha ruwa.
Na ce na ji.
Na kama hannunsa, wannan hannun da na koya wa riƙe cokali,
na ɗora katin a inda ya dace.
Ƙofa ta buɗe.

Yarinyar ta samu wurin taga.
Ta manna hanci a gilashi tana ƙirga motocin da suke bari a baya,
na ga leɓɓanta: sha ɗaya, sha biyu.

Ban sani ba ko zai dawo mako mai zuwa.
Gwiwoyina sun fara neman hutu,
fitilar nan har yau ba a gyara ta ba.
Amma kafin in kwanta nakan ɗaga tocila
in duba saman layi na uku.
Fentin wurin yana nan fari.
Sai in jiƙa koriyar rigata, in shanya.