Majinyaciya a Garejin Bilbis

Wata bakwai ke nan cif
motar 'yan sanda na kwance a garejina,
ƙafafunta huɗu bisa bulo,
shuɗiyar fitilar kanta ta yi yana kamar idon tsoho.
Ciwon ba wani babba ba ne:
famfon mai ya ci, jika tamanin ta ishe shi.
Na rubuta, kwamisar ya sa hannu, ya buga hatimi,
takarda ta hau bas ta nufi Yamai.
Ta fi motar tafiya, takardar nan.
Ko gaisuwa ba ta aiko ba.

Duk Alhamis Birgadiye Nomau kan zo dubiya.
Ya shafi ƙofa, ya leƙa ciki,
ya ce, "Abarshi, ya mai jiki?"
In ce, "Da sauƙi," tunda haka ake cewa.
Takalminsa na dama ya wage baki,
da guntuwar wayata ya ɗinke shi.

Daren Talata aka fasa rumbun Tsahara,
buhun albasa goma sha biyu,
guminta na rani, kuɗin lakwal na marayu uku.
Ta zo kwamisariya ba ɗankwali.
Nomau ya hau motonsa na kansa,
ya ci bashin kwalba biyu wurin mai bumburutu,
ya bi sawu har bayan Funkoye,
can mai ya ƙare masa, sawu bai ƙare ba.
Da hantsi na hango shi yana turo moto,
gumi ya zana taswira a bayan rigar gwamnati.

A kasuwa suka ce ai 'yan sanda
ba su iya komai ba sai miƙa hannu bakin hanya.
Akwai masu miƙawa, ban musa ba,
ni ma an taɓa tatsa ta a hanyar Ƙonni.
Amma ranar nan
wanda na gani yana tura ƙarfe cikin rairayi
bai karya kumallo ba.

Rediyo ta faɗi kasafin bana.
Na bi sifilai da yatsu har yatsun suka ƙare,
na duba jika tamanin ɗina a ciki, ban gan ta ba.
Wataƙila tulun cike yake tasowa.
Hanya ce da nisa,
kuma kowace inuwa da mai ƙishinta.

Maiɗakina ta ce in sayi famfon, in nemi lada.
Na buɗe mata littafin bashi:
birki, tun shekara biyu, jika talatin,
taya, jika ashirin da biyar,
kowanne da hatiminsa, ja wur, kyakkyawa.
Ta ce, "To a dafa hatimin mu ci."

Kazarta ce ta gane amfanin motar.
Ƙarƙashin kujerar direba ta yi ƙwai,
ta ƙyanƙyashe tara ran Lahadi.
Na ba Nomau biyu, hakkin hukuma,
ya yi dariya har ya share ido da hula.

Jiya ɗan autana Illa ya tambaye ni,
"Baba, in ɓarayi suka zo nan fa, wa zai zo?"
Na ce ya miƙo mini sifana mai lamba sha tara.
Duk safiya nakan juya injin da hannu,
sau uku, sau huɗu,
kada ranar da takarda ta dawo
ta tarar ya manta yadda ake tashi.