Ma'aunin Don Evaristo

A Potosi, inda numfashi ke tsada,
inda dutse ya ci kakanmu bai yi gyatsa ba,
Nemesia na da shekara bakwai
ranar da ta bi Baba rumfar awo.

Buhun kuza a bayansa,
gumi ya daskare masa a gira.
Don Evaristo ya ɗora, allura ta yi rawa,
ya ce, "Arba'in ba biyu."
Ita kuwa ta ce, "A gida arba'in da uku ne.
Ina biyar ɗin suka shiga?"

Baba ya murɗe mata kunne har ƙofar gida.
Da dare na ji shi, tsakanin tari da tari,
yana ce wa Inna ƙasa-ƙasa,
"Yarinyar nan ta iya lissafi."

Daga nan ba abin da ya tsira.
Ta auna dankali, ta auna gishiri,
ta auna ni ina barci, da igiya da dutsen niƙa.
Ta tambayi fada a coci
me ya sa azurfar bagade ta fi ta kasuwa tsarki.
Ta tambayi malama wa ya auna tsawon tsaunin,
wa kuma ya biya shi.
Bulala ta ƙare, tambaya ba ta ƙare ba.

Motar La Paz ta ɗauke ta da bargo ɗaya
da fitilar goshin Baba, wadda ta daina ci.
Ni na gaji ramin.
Na gaji tarin ma.

Yanzu furfura ta sauka mata.
Ana ce mata Dakta,
manya na gyara wuyan riga in ta shigo.
Sau biyu an kulle ta. Sau ɗaya an ƙona littafinta
a dandali, masu tallan masara suka ji ɗumi.

Ran Talata nakan kunna rediyo
a bakin rami, ganyen koka a kumatu.
Tana zancen bashin ƙasa da farashin ma'adinai,
kalmomi masu takalmi, waɗanda ban sani ba.
Sai can, tsakiyar magana,
muryar ta sirance, ta koma shekara bakwai,
in gan ta tsaye kan yatsun ƙafa
tana leƙen allura:
ina biyar ɗin suka shiga?

Samarin da ke gefena kan yi dariya,
su ce tsohuwar nan ba ta gajiya.
Ban taɓa ce musu yayata ce ba.

Don Evaristo ya daɗe a ƙasa.
Ma'auninsa na nan, hannun jikansa,
an yi masa sabon fenti.